Hannun da Ke Riƙe da Lema

Talata, 4 ga Maris

'Yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mahaifiyarki. Na san za ki juya ambulan ɗin nan kina tambayar wane ne. Ni ne kawun nan naki da ba ki sake gani ba tun kina 'yar shekara huɗu, wanda kika yage wa shafi biyu na ƙamus kika yi jirgin ruwa da su. Kakata da kakan mahaifiyarki ciki ɗaya suka fito, sauran lissafin zumuncin ki yi da kanki. Na rubuto ne domin kunnena da waya ba sa shiri.

Lafiyata da sauƙi, in aka cire gwiwa da ido. Gwiwar tsufa ce, mun saba. Idon kuwa hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya yi sallama, na dama kuma likita ya ba shi kamar wata shida. Ya faɗa yana sunkuyar da kai, har ni na koma ina ba shi haƙuri.

Mai sayar da littattafai na bakin layinmu ya kawo mini littafinki na leƙen asiri, ya ce wata mai gwajin jini a asibiti ce ta rubuta. Da na ga hotonki a bango sai na ga goshin mahaifiyarki. Kwana goma sha ɗaya na yi ina binsa da gilashin ƙara girman rubutu. Jarumarki tana da rai, tana jin yunwa, takalminta yana matsa mata, na so ta. Amma abokin gabarta mutum-mutumi ne na korar tsuntsaye. Kin ba shi tabo a fuska da muguwar dariya, sannan kin sa ya ɗaure ta a kujera ya zauna yana zayyana mata shirinsa kamar mai ba da rahoto. Ban ji tsoronsa ba ko sau ɗaya, kuma tunda ban ji tsoronsa ba, nasararta ba ta yi mini daɗi yadda ya kamata ba. Kada ki ji haushi, wanda aka raina ba a ɓata masa kan sarki.

Ga abin da ya kawo ni. Wataƙila kin taɓa jin labarin Shaho, ɗan leƙen asirin da na yi shekara tara ina rubutawa wata-wata a mujalla, da abokin karawarsa Mai Lema. Labarin ya tsaya saura babi ɗaya, yau shekara ashirin da bakwai. Ina so in gama shi kafin idon nan ya rufe, kuma ba zan iya ni kaɗai ba. Taimakon da nake nema yana cikin gidanku.

Ki gaishe da mahaifiyarki, ki faɗa mata wanda ya rubuto, sannan ki gaya mini abin da ta ce.

Kawunki

Lahadi, 16 ga Maris

Kawu,

Na amsa gaisuwarka da hannu biyu. Muna lafiya, sai ciwon baya da Mama ke fama da shi in an yi sanyi. Labarin idonka ya tsaya mini a rai, Allah ya kawo sauƙi.

Wai ko na taɓa jin labarin Shaho. Kawu, a ɗakin karatun makarantarmu akwai tsofaffin mujallun nan an ɗinke su da baƙin bango, na karanta su har sau uku ina 'yar shekara goma sha uku. Ban san kai ne ba, domin sunan alƙalami ka sa, kuma babu wanda ya taɓa ambaton haka a gidanmu. Da na karanta wasiƙarka a wurin aiki, sai da na ajiye kwalaben jinin na zauna.

Shekara guda na yi ina tsallaka titi in na hango mutum da lema. Har yau ina tuna babin da Shaho ya zuba masu gadi goma sha biyu a ƙofar ɗakin da akwatin ƙarfe yake. Mai Lema bai fasa komai ba. Takardar izinin yi wa ofishin fenti kawai ya sa aka fitar, ma'aikatan da kansu suka jawo akwatin zuwa baranda don kada fenti ya ɓata shi, masu gadin kuma suka ci gaba da tsaron ɗaki wayam. Da kuma ranar da Shaho ya faɗa ruwa da harsashi a kafaɗa, Mai Lema ya sa aka tsamo shi, ya bar masa 'yar takarda cewa ya yi shekara shida yana koyon halinsa, ba shi da lokacin fara koyon wani sabo. Na rufe mujallar nan, ban taɓa sanin mugu zai iya ba mutum tsoro da kwarjini a lokaci guda ba. Kuma babin ƙarshe da ya fito, inda aka kama mai lemar a jirgin dakon kaya aka kulle shi, Shaho ya ɗora hannu a kan ƙofa zai ga fuskarsa karon farko, na yi ta neman ci gabansa har mai kula da ɗakin karatun ta gaji da ni.

Maganarka a kan mugun littafina ta yi zafi, amma gaskiya ce. Ina cikin rubuta na biyu, kuma shi ɗin dai ne zai dawo, yana nan a takarda kamar buhun da aka jingine.

Na isar da gaisuwarka. Mama tana ɗinka mini maɓallin farar rigar aiki, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Yana nan da rai ashe?" Na ce idonka ne ke tafiya. Ta ce, "Allah ya sawwaƙe," ta datse zaren da haƙori, shi ke nan. Kada ka damu, haka take. Ka san ta, mace ce da kyankyaso ke kora daga ɗaki, ba na jin ta taɓa karanta wani abu da ya wuce takardar cikin kwalin magani.

Na gane taimakon da kake nufi, kuma ina jin tsoro. Ni wace ce da zan taɓa Mai Lema? Amma zan gwada in ka koya mini. Yaya ka yi ka halicce shi?

'Yarka

Alhamis, 3 ga Afrilu

'Yata,

Na ji daɗin lafiyarku. A gaya wa mai ciwon baya ta daina zama a kujera marar jingina, tun tana yarinya haka take zama kamar sanda. Ni kuma na ƙara wani ɗigon magani, yanzu uku ke nan safe da yamma.

Kin tambayi yadda ake yin abokin gaba. Abin da na sani kaɗan ne. Ki ba shi yininsa: ya tashi da safe yana da aikin yi ko da jarumarki ba ta zo duniya ba. A ganinsa shi ne mai labarin, ita ce mai shiga masa hanci. Ki bar shi ya ci nasara wani lokaci, nasara ta gaske mai ciwo, ba ta aro ba. In kuma zai dawo littafi bayan littafi, kada ya faɗa rami ɗaya sau biyu, duk kayen da ya sha ya zama darasi a wurinsa. Matsalar ita ce marubuci yana son jaruminsa, kuma ya san shirin kowa, don haka hannunsa yakan karkata ba da saninsa ba. Alƙalin da ɗansa ke gabansa ke nan.

Amma kin yi mini gurguwar fahimta. Ba ke nake nema ba, mahaifiyarki nake nema. Akwai abin da ya shiga tsakanina da ita shekara tara, a ɓoye, ko marigayi mahaifinki bai sani ba. Ban taɓa samun irinsa da kowa ba, kafinta ko bayanta. Ni ne na ci amanarta, kuma tun ranar ban sake zama cikakken mutum ba. Mun yi alkawarin ba za mu faɗa wa kowa ba, shi ya sa nake kewaye-kewaye. Ki roƙa mini ita ta ba ni izini in yi magana, ko ta rubuto mini ko da layi ɗaya.

Ki hanzarta, don Allah. Gilashin ya fara gazawa.

Kawunki

Asabar, 7 ga Yuni

Kawu,

Muna lafiya. Ina fata kana samun sauƙi.

Wata biyu wasiƙarka tana cikin jakata. Ban nuna wa Mama ba, kuma ba zan nuna ba. Mahaifina mutumin kirki ne, shekara shida ke nan da rasuwarsa, bai cancanci a zo ana tono a bayansa ba. Na lissafa shekarun da ka faɗa, na ga sun haɗa da bikinsu da haihuwata. Wata biyun nan ina zaune da uwata a ɗaki ɗaya ina kasa kallon fuskarta, tana tambayata ko aiki ne ya yi mini yawa.

Na girmama ka tun ban san kai ba ne. Da ka bar ni da mujalluna. In abin da ke damunka neman gafara ne, ka nema a wurin Allah, ka bar mata tsufanta.

'Yar ƙanwarka

Laraba, 18 ga Yuni

'Yata,

Lafiya lau, sai ido. Ki yi haƙuri da wannan rubutu mai kama da na allon talla, da alƙalamin rubutu a kwali nake yi, layi shida ke cika shafi. Gilashin ya daina amfani tun tsakiyar Mayu. Wasiƙarki ma maƙwabciyata mai kantin magani ce ta karanta mini, ta kai tsakiya ta tsaya tana gyaran murya.

Na yi dariya har na yi tari, sannan na yi kuka. Laifina ne. Shekara arba'in ina rubutu, na kasa rubuta layi huɗu ba tare da na ɓata sunan mace mafi tsarkin hali da na sani ba. Mahaifiyarki ƙanwata ce kuma abokiyar wasata, ko hannunta ban taɓa riƙewa ba. Yau zan karya alkawarin, domin shiru ya fi ɓarna.

Ni ban halicci Mai Lema ba. Mahaifiyarki ce Mai Lema.

Babi ukun farko ni na rubuta shi, kuma ya fi naki zama mutum-mutumi. Ita lokacin tana aiki a ofishin haɗa waya. Ta karanta ta ce, "Yaya, wannan mugun naka ko kaza ba zai iya sacewa ba." Na ce to ki yi mana naki. Ta ce za ta yi, da sharaɗi. Farkon kowane wata mu tsayar da abin da ake faɗa a kansa da inda za a yi. Ni in rubuta shirin Shaho, ita ta rubuta na Mai Lema, kowa ya manne nasa a ambulan ya kai wa shugaban maɗaba'ar da ke buga mujallar ya kulle a aljihun teburinsa. Ran goma ga wata ya buɗe su a gabanmu. Abin da haɗuwar shirin biyu ta haifar, shi zan rubuta, ko ya yi mini daɗi ko bai yi ba. Sunanta kuma ba zai fita ba, domin a aikinta an rantsar da su kan sirrin mutane, da an ji tana rubuta labarin leƙen asiri da an ce daga wayoyin jama'a take kwasowa.

'Yata, ban san yadda zan kwatanta miki ranar goma ga wata ba. Nakan yi kwana tara ina toshe kowace kafa, in zo ina taƙama. Ita ta shigo da 'yar jakarta a lokacin hutun rana, ta zauna a bakin kujera. A buɗe ambulan ɗinta, shafi ɗaya tak, wani lokaci rabi. Shugaban maɗaba'a ya karanta, ya cire tabarau ya dube ni da tausayi. Fentin nan nata ne. Tsamo Shaho daga ruwa nata ne, ni na riga na yarda ya mutu a ranar. Sau da yawa nakan fita in yi ta tafiya a titi, rabina baƙin ciki, rabina mamakin cewa akwai irin wannan kai a duniya kuma ni aka ba wa damar karawa da shi.

A shekara ta tara ta kayar da ni wata biyar a jere. Masu karatu suka fara rubuto wa edita cewa Shaho ya zama sakarai. Wata rana shugaban maɗaba'a ya fita cin abincin rana ya bar makulli a jikin teburi. Na ɗauki ambulan ɗinta, na kara shi a tururin butar shayi, na karanta: Mai Lema zai fice ta jirgin dakon kaya. Na mayar na manne, na canja nawa. Ran goma Shaho yana jiransa a tashar jirgin.

Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Yaya, ta ina Shaho ya san da jirgin?" Na ce basira. Ta ce, "Madalla da basira," ta ɗauki jakarta. Wata na gaba ba ta kawo ambulan ba, ni kuma kunya ta hana ni zuwa. Na gwada rubuta babin ƙarshe ni kaɗai fiye da sau talatin. Duk sanda Shaho ya buɗe ƙofar nan, ba na samun kowa a ciki sai ni.

Ki karanta mata wannan duka. Ki ce mata na buɗe, kuma na yi ƙarya da ta tambaye ni. Ko ba ta taimaka da babin ba, ina so ta ji daga bakina.

Kawunki

Juma'a, 27 ga Yuni

Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara gwiwa biyu a ƙasa. Wata biyun da na ɓata daga cikin ganinka na ɗauke su, kuma ba ni da abin da zan biya da shi. Rashin sani ya fi dare duhu. Muna lafiya, bayan Mama ya yi sauƙi.

Jiya da la'asar na dawo daga aiki na same ta a baranda tana ba shukokinta ruwa, waɗanda take rainonsu a tsofaffin gwangwanayen madara. Na ce ta zauna, ina da karatu. Na fara da wasiƙarka ta Afrilu da na ɓoye, sannan na karanta mata shafukanka goma sha tara ina satar kallonta. Da na zo wurin kazar nan ta yi murmushi. Da na zo wurin butar shayi ba ta ko motsa ba. Na gama, ta ce, "Sake karanta mini layin ƙarshe." Na sake. Ta ce, "Shekara ashirin da bakwai. Da ya faɗa a makon da na yafe kafin ya rufe baki."

Na ce, "Mama, da gaske ke ce?"

Ta ce, "To da wa kike zato, kawunki? Mutumin da in zai ɓoye kyauta sai ya yi ta tsayawa a gaban inda ya ɓoye ta?"

Ta shiga ɗaki ta jawo akwatin da take ajiye takardun fanshonta. Daga ƙasansa ta fito da wani ambulan da ya yi ruwan ƙasa, a manne, da hatimin maɗaba'a da sa hannun shugabanta a kan bakinsa. Kawu, kwanan watan da ke jikinsa ya riga ranar da ta kai ambulan ɗin da ka buɗe da kwana huɗu, in ji ta.

Ta ce ta san za ka buɗe. Na tambaye ta ko a waya ta ji, tunda layinka ta hannunta yake bi. Ta yi mini wani kallo da ban taɓa gani a fuskarta ba, ta ce ba ta taɓa sauraren wayar kowa ba, kuma naka ba ya buƙatar saurare. Wai a watan ka daina tsokanarta, ka daina kallon idonta, sannan ka tambaye ta wane irin gam take manne ambulan da shi. Saboda haka ta rubuta biyu. Na jirgin ta kai teburi domin kai. Na gaskiyar ta ba shugaban maɗaba'a ya ajiye a gidansa, ta ce kada ya fito da shi sai ka faɗi gaskiya da bakinka. Da za a rufe maɗaba'ar ya dawo mata da shi.

Na ce, "To wane ne Shaho ya kulle a ɗakin?" Ta ce, "Mutum mai lema." Na ce, "Mai Lema?" Ta ce, "Ruwa ake yi a ranar, kowa da lemarsa," ta koma wurin shukokinta.

Kawu, na zauna a barandar nan ina kallon bayanta. Matar da ta goya ni, wadda nake yi wa dariya in ta kira ni in kashe mata kyankyaso, wadda na taɓa ce wa ba za ta gane littafina ba don na manya ne. Ashe shekara guda na yi ina tsallaka titi don gudun Mai Lema, ina komawa gida yana zuba mini abinci.

Daga baya na tambaye ta ko ta karanta littafina. Ta ce sau biyu, in na tafi aiki. Na ce me ya sa ba ta ce komai ba. Ta ce, "Ba ki tambaye ni ba." Na tambaye ta. Ta ce mugun nawa ba shi da uwa, ba shi da sana'a, ba ya jin barci, kuma ni ma tsoronsa nake yi ya yi wayo kada ya fi ƙarfina. Ta ce, "In ba ki yarda zai iya kashe yarinyar nan ba, kada ki fito da shi." Na rubuta a bayan hannuna da biro don kada in manta.

Yau da safe ta karɓi takarda da alƙalami. Tata wasiƙar tana cikin wannan ambulan, ban karanta ba. Na koyi darasi daga wurinka.

'Yarka

Yaya,

Ina gaisuwa. Na ji labarin gwiwa da ido, Allah ya sa kaffara ne. Ni lafiyata lau, kuma har yanzu ba na jingina a kujera, ka daina aiko mini da shawara ta bakin yara. A gode wa mai kantin magani da za ta karanta maka wannan, ta karanta yadda na rubuta, kada ta sassauta.

Na ji saƙonka. Na yafe. Ni ma ka yafe mini, domin na haƙa maka rami na zauna ina jira ka kira ni daga ciki, ban yi zaton za ka yi shekara ashirin da bakwai a ciki ba. Sau da yawa na ɗauki ambulan ɗin nan zan aiko, sai girman kai ya ce bari ya fara magana. Taurin kan gidanmu ne, daga kakarka da kakana muka gado shi.

Kada ka ɗauka kai kaɗai ka yi asara. Tun ranar ban sake samun wanda zan yi wa shiri ba. Nakan shiga banki ko asibiti in ga ta inda za a fitar da mutum ba a gani ba, in dawo gida ba ni da wanda zan kayar. Ka ce ina da kai. To kan nan bai taɓa aiki ba sai da ya san kana can kana toshe ƙofofi. Wata biyar ɗin da na ci a jere, kowanne da ƙyar na ci, ban dai taɓa gaya maka ba don kada kanka ya kumbura.

Ga yadda za a yi. Yarinyar nan ta ɗauki hutun mako guda, za mu hau jirgin ƙasa ran tara ga wata mu kwana a wurinka. Ran goma da safe za ka zauna da ita a ɗakinka, ka faɗa mata abin da Shaho zai yi in ya buɗe ƙofar, ta rubuta ta manne. Ni ina tsakar gida, ba zan ji ba. Sannan mai kantin magani ta buɗe biyun a gabanmu. Abin da ya fito shi za ka rubuta, ko Shaho ya rayu ko bai rayu ba. Ba zan tausaya maka don ido ba, kuma na san ba za ka so in yi ba. Ka yi shiri mai kyau, Yaya, ka sami shekara ashirin da bakwai na tunani, ni kwana biyu na yi ina rubuta nawa.

Tsohon ambulan ɗin nan mai hatimi na ba direban motar kaya da ke bi ta garinku, zai riga mu isowa. Ka ajiye shi a kan teburinka, kusa da butar shayi in ka ga dama. Yanzu na amince da kai, tunda ko ka buɗe ba za ka gani ba.

Ƙanwarka